Taswirar farashi tana nauyi: laftof za a sauya, ko manhaja, ko layin intanet?

Wata Juma'a a farkon Afrilu, bayan la'asar, ƙanena da ke karatu a Samaru, yana kuma taɓa cinikin foreks, wato saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashe da zinare ta intanet, ya iso gidana a Tudun Wada da laftof a jaka, fuska a murtuke. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Yaya, wannan kwamfutar ta gama yayi. Sayar da ita zan yi, in cika kuɗi in sayi wata." Ranar ce Amurka ta fitar da rahotonta na wata-wata kan ayyukan yi, wanda a wannan lokaci na shekara yake fitowa ƙarfe 1:30 na rana agogonmu. Ya dawo daga masallaci ya tarar farashin zinare yana ta tsalle, ya kai hannu zai rufe cinikin da ya bari a buɗe, sai taswirar farashin, wato zanen hawa da saukarsa a allo, ta ƙame kamar hoton bango. Kafin ta motsa, ribar da ya gani da idonsa ta koma asara.

Na ce masa ya ajiye maganar sayarwa tukuna. Na sha ganin mutum ya zuba kuɗi a sabuwar laftof, ya kwaso kayan da suka durƙusar da tsohuwar ya loda mata, bayan mako biyu ya dawo da kukan da ya tafi da shi. An bar jaki ana dukan taiki. Mai wannan matsala yana da zaɓi biyar a gabansa: ya rage wa manhajar kaya, ya gyara na'urar da ke hannunsa, ya sauya manhaja, ya gyara layin intanet ko ya kama hayar kwamfutar nesa da ake kira VPS, ko kuma ya sayi sabuwa. Kowanne akwai ciwon da yake warkarwa, akwai kuma wanda ba ya ko taɓawa, shi ya sa tilas a fara gano inda ciwon yake.

Abin da muke kira nauyi abu biyu ne masu kama da juna. Ko dai hoton ne ke jan ƙafa, wato farashi ya iso amma kwamfuta ta kasa zana shi a kan kari, ko kuma farashin ne ya makara a hanya, kwamfutar tana zaune tana jira. Raba su ba wuya. Ranar Asabar, lokacin da kasuwar foreks take rufe, ka buɗe taswirar EURUSD, wato farashin yuro da dala, ko ta zinare, ka kama ta da linzami ka ja hagu da dama, ka zuƙo ta ka mayar. In ta cije alhali babu wani farashi da ke shigowa, intanet ba shi da laifi, matsalar tana cikin na'urar ko cikin tarkacen da aka zana a kan taswirar. In ta tafi sumul ran Asabar amma ta ƙame ran Litinin, saura mutum biyu ake zargi: indiketa, wato ɗan shirin da ke lissafi a kan farashi yana zana sakamakon a taswira, ko layin intanet. A nan sai ka rufe duk taswirorinka, ka buɗe ɗaya tak babu komai a kanta, ka ajiye wayarka a gefe da asusu iri ɗaya a buɗe amma a kan wani layin daban. In kwamfutar da wayar suna tafiya tare, indiketocin da ka cire su ne ɓarayin. In waya tana gaba kwamfuta tana biye, koma ka dubi layinka.

Na fara da rage kaya domin shi ne ba ya cin ko kwabo, kuma a ganina shi ne ya fi warkar da mutane. Ƙanena manhajar ciniki ta MetaTrader 4, wato MT4, yake amfani da ita. Taswira goma sha ɗaya na tarar a buɗe, kowacce da indiketa huɗu ko biyar, har da wata mai zana kibiyoyi da akwatuna masu launi da ya samo a wani guruf. Da ka danna Ctrl+O ka shiga shafin Charts, akwai wurin da aka rubuta Max bars in chart, wato iyakar kyandirorin da manhaja za ta riƙe a kowace taswira; kowane kyandir zanen motsin farashi ne na wani ɗan lokaci, kamar minti ɗaya ko awa ɗaya. MT4 tana zuwa da 65,000, ƙanwarta MetaTrader 5, wato MT5, kuma da 100,000. Shi ƙanena wani ya ba shi shawarar ya cika wurin da tara-tara don ya ga tarihi mai nisa.

Mu yi lissafi. Yini guda yana da kyandir 1,440 a taswirar minti ɗaya, ke nan 65,000 ta kai kusan kwana 45 na kasuwa. Mai shiga ciniki ya fita cikin awa biyu me zai yi da minti-mintin wata biyu da suka wuce? In ka mayar da lambar 5,000, a taswirar minti 15 kana da kwanakin kasuwa sama da 50, a ta awa ɗaya kana da sama da mako 40. Layin matsakaicin farashi na 200 da kowa ke ji da shi kyandir 200 kawai yake nema. Sai an rufe manhajar an sake buɗewa sannan canjin yake kama aiki, kuma da yawa a nan suke tuntuɓe, su ce sun gwada bai yi ba.

Dalilin da ya sa wannan lamba take da tasiri haka shi ne yadda ake rubuta indiketa. Wadda aka rubuta da kyau, in sabon farashi ya shigo, kyandir na ƙarshe kawai take sake lissafawa. Wadda aka rubuta da garaje kuwa, duk shigowar farashi sai ta koma tun daga kyandir na farko ta lissafo har zuwa na yau. Da asuba, kasuwa a kwance, ba za ka lura ba. Amma daga ƙarfe ɗaya ko biyu na rana, lokacin da Landan da New York suke buɗe tare, ko sa'ad da wani babban rahoto ya fito, farashin zinare yakan canza sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Kafin ta gama lissafin farko wasu goma sun yi layi. Shi ya sa taswira ba ta ƙamewa sai a daidai lokacin da ka fi bukatarta. Danna Ctrl+I ka riƙa cire su ɗaya-ɗaya kana kallo, mai laifin za ta bayyana kanta. Ctrl+B kuma yana nuna jerin layuka da zane-zanen da ke kan taswira. A ta ƙanena na ga dubbai, domin indiketar kibiyoyin nan tana zanawa ba ta gogewa. Sai Market Watch, jerin farashin da ke gefen allo: duk alamar kuɗin da ke jere a wurin, farashinta yana shigowa ko kana kallo ko ba ka kallo, yana cin data yana cin ƙarfin na'ura. Danna dama a kai ka zaɓi Hide All, waɗanda kake aiki da su za su tsaya. Abin da ka rasa a wannan hanya ɗaya ne, dogon tarihi don nazarin baya, shi ma kana iya ɗaga lambar ran Asabar ka yi nazarinka ka sake saukar da ita.

Gyaran na'ura shi ne na biyu a arha, amma a nan mutane suke sayen abin da ba shi ne maganinsu ba. Danna Ctrl+Shift+Esc lokacin da taswirar take cijewa, ka dubi abu uku: furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafi, da ram, wato wurin riƙe aikin da ake kai a yanzu, da faifan ajiya. In ram ya haura kashi 85 ko 90 cikin ɗari, ƙarin ram ne maganinka. Giga 4 a yau Windows da burauza kaɗai sun kusa cinye shi, kuma da ya cika sai kwamfuta ta koma aron wuri a faifan ajiya. In faifan tsohon nan ne mai juyawa, wanda da ƙyar yake wuce megabait 100 a daƙiƙa, komai sai ya tsaya cik. Faifan SSD na gama-gari, wanda ba ya juyawa, yana kai 500 da ɗoriya, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli ratar ta fi haka nesa ba kusa ba. Sai dai a faɗi gaskiya: SSD yana sa kwamfuta ta tashi da wuri, manhaja ta buɗe da wuri, sauya taswira ya yi sauƙi, amma ba ya sa indiketa mai nauyi ta yi sauri, domin wannan aikin furosesa ne. In kuɗinka na abu ɗaya ne kuma ram ɗinka giga 4 ne, ni ram zan fara kai wa 8. In kana da 8 amma faifanka mai juyawa ne, SSD. Kafin ka tafi PZ wajen masu kayan kwamfuta ka tabbatar da irin ram ɗin da laftof ɗinka take ɗauka, DDR3 ne ko DDR4, da kuma ko akwai gurbin ƙari, don wasu an liƙe nasu a jikin allo.

Akwai kuma abin da mu a Zariya ya fi shafa, wanda masu ba da shawara daga ƙasashen sanyi ba sa kawowa a ka. Ƙurar hunturu tana shiga laftof tun daga Nuwamba, ta taru a bakin fanka, sannan zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a toshe. Furosesa in ta doshi digiri 95 zuwa 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Alamarsa ita ce kwamfuta ta yi lafiya minti ashirin na farko, daga nan ta fara jan ƙafa, fanka tana kuka. Da mai gyara ya kwance ta ƙanena a gabanmu, abin da ya zaro daga tsakanin fanka da ƙarfen fitar da zafi kamar guntun bargo ne, launin ƙasa, ya kai kaurin ɗan yatsa. Man da ake shafa wa furosesa kuma ya bushe ya zama kamar alli. Mai gyaran ya ɗaga shi ya ce, "Malam, a kan katifa ake ɗora ta ko?" Haka ne kuwa, a ɗakin kwanan ɗalibai ina tebur. Wannan aikin kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ya kamata a yi shi duk shekara bayan hunturu.

Wuta ma tana da hannu. Da an ɗauke wuta laftof ta koma batir, Windows takan rage ƙarfin furosesa don batir ya daɗe, in ya yi ƙasa sosai kuma ta ƙara matsewa. Shiga saitin wuta ka zaɓi Best performance, ka san dai batir zai fi saurin ƙarewa. Caja ma haka: wasu laftof, irin su Dell, in ba su gane cajar da aka sa musu ba ko ƙarfinta bai kai ba, sukan rage gudu ko da wuta tana nan.

Sauya manhaja ita ce shawarar da aka fi gardama a kanta, don haka bari in tsaya a nan kaɗan. Kamfanin MetaQuotes ya fitar da MT4 a 2005, zamanin da yawancin kwamfutoci furosesarsu ƙwaya ɗaya ce. Manhaja ce mai bit 32, ba ta iya amfani da ram fiye da giga 4 ko da ka sa wa kwamfutar giga 32. Abin da ya fi wannan muhimmanci, duk indiketocin da ke cikinta suna aiki ne a layi ɗaya da zanen allo da dannawar linzaminka. Indiketa ɗaya mai nauyi a taswirar da ka manta da ita a baya tana iya riƙe maɓallin rufe ciniki a taswirar da kake kallo. Kamar famfo ɗaya ne a unguwa, mai jarka ashirin yana gaba. MT5 ta fito a 2010, tana da bit 64, kuma kowace alamar kuɗi da layinta: in indiketa ta shaƙe zinare, EURUSD tana ci gaba da tafiya. Tana kuma da nata Task Manager da ke nuna maka abin da ke cin ƙarfi, har takan rubuta a Journal cewa indiketa kaza ta cika nauyi. Wajen gano mai laifi, MT5 ta yi wa MT4 nisa.

To amma ƙaura tana da tsada ta wani gefen. Indiketa ko robot, wato shirin da ke ciniki da kansa, da aka yi wa MT4 ba ya aiki a MT5 sai an sake rubuta shi, asusun MT4 ma ba ya shiga MT5 sai dillalinka, wato kamfanin da kake ciniki ta hannunsa, ya buɗe maka wani. Sannan a tsohuwar laftof mai giga 4, MT4 da aka share ta tsaf takan fi sauƙi, domin MT5 tana gina duk taswirorinta ne daga tarihin minti ɗaya, tana sauko da bayanai masu yawa a farko. Ra'ayina: mai taswira biyu ko uku da indiketocin da suka zo da manhaja ya zauna inda yake. Mai bin alamomi shida ko fiye da na'ura mai giga 8, ya koma MT5.

TradingView, manhajar kallon taswirar farashi ta intanet wadda aka kafa a 2011, tsarinta daban ne. Indiketocinta ana lissafa su ne a kwamfutocin kamfanin, taka zane kawai take yi. Wannan ya ɗauke wa furosesarka kaya, amma ya ɗora shi a wurare biyu: ram, domin burauza ce, da intanet, domin duk sauya taswira sai an tambayo daga can. In tana cijewa, abu na farko shi ne ka shiga saitin Chrome, sashen System, ka tabbatar an kunna taimakon katin hoto wajen zane, ka sake buɗe burauzar. Shift+Esc a cikin Chrome zai nuna maka shafin da ke shan ram. Sau da yawa YouTube ne da WhatsApp da aka bari a buɗe a gefe. Manhajarta ta kwamfuta ma a kan injin burauza aka gina ta, don haka kada ka zaci za ta zama wata aba daban, amfaninta dai ta raba ka da tarin shafuka. Ka kuma tuna farashin da kake gani a can ba lallai ya yi daidai da na dillalinka ba. Masu nazari a TradingView su shiga ciniki a MetaTrader ta waya sun samo tsari mai kyau ga mai ƙaramar na'ura, sai dai manhajar waya ba ta ɗaukar indiketar waje ko robot.

Saura layi. A kusurwar dama ta ƙasa a MetaTrader, in ka danna alamar haɗi, za ka ga jerin sabobin dillali, wato manyan kwamfutocinsa, da jinkirin kowacce a milisakan. Dillalai da yawa sabobinsu suna Landan ko kusa da New York. Saƙonka daga Zariya sai ya gangara Legas, ya shiga wayar ƙarƙashin teku. Wayar Glo-1, misali, tsawonta kilomita 9,800 ne daga Legas zuwa Ingila, haske kuma a cikin irin wannan waya yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Zuwa da dawowa ya tashi kusan milisakan 100, tun ba a sa tafiyar Arewa ba. Wannan babu kuɗin da zai goge shi, kuma ga mai ciniki da hannu ba shi ne abin damuwa ba. Abin da ke kashe mutum shi ne layin da ke rawa: yanzu 150, an jima 900, an jima ya yanke. Yawan megabit da ake talla bai shafi wannan ba, don MetaTrader ba ta cin data sosai, layi mai natsuwa take so.

Gyaransa yakan zo da araha. Haɗa waya da laftof ta kebul ya fi haɗa su ta iska, musamman a ɗakin kwanan ɗalibai inda wayoyi hamsin suke watsa nasu a wuri guda. Ajiye MiFi a bakin taga. Dakatar da sabuntawar Windows a lokacin ciniki. Ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, domin wanda ya yi ƙarfi a Kongo ba lallai ya yi a Hanwa ko Kwangila ba, kuma wanda ya yi da safe yana iya cushewa bayan isha'i. Wani lokacin ma abin ya fi ƙarfin kowa: ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama har da Najeriya. Irin wannan rana hannu ake naɗewa.

VPS kuwa, ina ganin an fi sayar wa mutane shi ba bisa bukata ba. Kwamfuta ce a kusa da sabar dillali, ba ta san ɗauke wuta ba, jinkirinta milisakan kaɗan ne. Ga mai robot wannan alheri ne babba. Ga mai danna maɓalli da hannunsa daga Sabon Gari, dannawar sai ta yi waccan doguwar tafiyar kafin ta isa VPS ɗin, hoton allon ma sai ya yi tafiyar dawowa. In layinka na rawa, taswira a VPS za ta fi ta kwamfutarka cijewa, ga kuɗin haya duk wata.

Sabuwar laftof tana da lokacinta: in ram a liƙe yake a giga 4 babu gurbin ƙari, ko furosesar irin su Celeron ce da ke cikewa da taswira ɗaya babu indiketa, ko an wanke fanka an sauya mai amma zafi bai sauka ba. In za ka saya, ko wadda aka yi amfani da ita ce, ka nemi Core i5 ƙarni na 8 zuwa sama ko takwararta ta Ryzen, giga 8 da gurbin ƙari, da SSD. Na ce ƙarni na 8 ne saboda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga wajen wannan ƙarni take karɓar furosesar Intel a hukumance, kuma na'urar da kake shiga asusun kuɗinka da ita bai kamata ta rasa sabuntawar tsaro ba. Kada ka biya kuɗin katin hoto na masu wasan gem. MetaTrader ba ta dogara da shi wajen zana kyandir, zafi da cin batir kawai zai ƙara maka.

Abu guda na nanata wa ƙanena a daren, domin ya fi duk waɗannan kusa da asarar da ya yi. Stop loss da take profit, wato umarnin rufe ciniki in asara ko riba ta kai inda ka sa, da zarar ka sa su, a sabar dillali suke zaune, suna aiki ko laftof ɗinka ta ƙame, ko an ɗauke wuta, ko kana masallaci, duk da cewa lokacin babban rahoto farashi yana iya tsallake inda ka sa. Trailing stop kuwa, wato stop loss da ke bin farashi yana matsawa, a cikin manhajarka yake aiki, in ta tsaya ko layi ya yanke shi ma ya daina bi. Shi bai sa ko ɗaya ba ranar, ya dogara da cewa zai dawo ya rufe da hannu.

Mun mayar da kyandirorinsa 5,000, taswira uku, mun goge indiketar kibiyoyi. Washegari Asabar muka je PZ aka wanke fanka, aka ƙara ram ya zama giga 8. SSD ya ce sai kuɗin wata ya shigo. Ran Litinin da ƙarfe uku ya turo mini bidiyon allonsa, zinare yana motsi tare da na wayarsa. Har yanzu yana kukan layi tsakanin takwas zuwa goma na dare, lokacin da kowa a ɗakin kwana yake kan waya, don haka ya sayi layi na biyu, kuma ya samo katako mai ƙafa yana ɗora laftof ɗin a kai.